Sule Biyu a Gida Ɗaya

Baffa,

Assalamu alaikum. Yaya ƙarfin jiki, yaya Inna da mutanen Kumasi? Mu a Nima lafiya.

Banki ya hana ni rancen keken ɗinki, wai takardar tarihin bashina ta nuna na ci wani ban biya ba. Da na kai ƙorafi sai na tarar na ɗanka Sule ne, tunda sunan kaka duk muka ci, adireshinmu ɗaya. Sun ce ba za a wanke ni ba sai na faɗi inda yake. Jiya wasu mutum biyu suka tsaya ƙofar gida suna tambayar wanne ne Sulen.

Ban faɗa wa kowa inda yake ba tukuna. A gaida Inna, a sa mu a addu'a. Ka neme shi, Baffa, Litinin zan koma bankin.

Ɗanka,
Sule Ƙarami