Kurfin Baba Ya Daina Ci

Gwagwalada, 4 ga Maris

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da ladabi. Yaya ƙarfin jiki, yaya Inna da mutanen gida? Na ba direba wannan takarda ne saboda a waya bakina ba zai iya faɗa ba.

Baba, na yi ɓarna. Kurfin da ka ƙera mini da sifirin mota ranar da zan taho Abuja, shi na lalata da hannuna. Shekara shida ina fere ƙafafun tebur da shi a shagon Oga Nathan. Ko maɗaci ko madobiya, yanka yake kamar sabulu. Na kasuwa kuwa sai ƙyalli, kwana biyu sun dakushe. Har oga ya taya shi, na ce ko kallonsa ya rage.

To, aiki ya yi mana yawa, na ga wasawa a dutse tana cin lokaci, sai na ɗora shi a kan giranda, injin wasa ƙarfe. Ka sha gaya mini wuta ɗaya ƙarfe ya sani, ta maƙera. Kafin in ankara ya ɗauki zafi, bakinsa ya yi shuɗi. Yanzu in na wasa shi da safe, kafin hantsi ya lanƙwashe. Kaico!

Ga shi nan cikin tsumma. Don Allah ka sake mayar da shi wuta, ka tsoma shi a mai yadda ka saba. Wallahi tun da na naɗe shi nake jin ƙarar uwar maƙerarka a kunnena. Ina kewarku ƙwarai.

Ɗanka,
Musaddiq

Gwagwalada, 19 ga Maris

Zuwa ga Yaya Safara'u,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Saƙonki ya iso, tare da kurfin yadda na aika shi.

Haba Yaya! Wata takwas maƙera a rufe, kullum in na kira ku ce Baba yana wajen aiki? Sai yanzu kike gaya mini idonsa ya yi hazo, ba ya bambance launin ƙarfe in ya fito daga wuta. Kin ce ya karɓi kurfin, ya shafa bakinsa da babban yatsa, sannan ya ce a mayar mini in sayi na kasuwa. Na karanta wurin nan sau uku, na fita bayan shago na yi kuka.

Ni ne na ƙi zama a gindin zugazugi, wai ƙira aikin ƙauye ce. Yau duk Abuja na rasa wanda ya san lokacin da ake tsame ƙarfe daga wuta. Baba kaɗai ya sani, ga shi ba ya gani.

Na roƙi oga hutun wata biyu, ya ce in na tafi kada in dawo. Na ce na ji. Asabar zan shiga mota a Utako. Ki sa a nemo gawayin ƙirya, a share maƙerar. Ki ce wa Baba ya zauna kusa da ni kawai, ya gaya mini launin da zan jira. Ni zan duba masa.

Ƙaninki,
Musaddiq