Baƙuwarmu ta Al Sabkha

Deira, Dubai

Yaya Ummi Kulsum,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Haidar da Abbansa, da fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi. Na sa takardar nan cikin kayan da Hajiya Mahfuza za ta aiko Kano, tunda kin ce hirar waya ba ta zama a kanki.

Yaya, kin tuna wasan asibitin nan na Turawa da ake nunawa muna yara, wanda marigayi Baba ke hana kowa tari in an fara? Kin tuna Sista Dorrie mai tsawa? To ita nake yi wa aiki! Sunanta na gaskiya Maureen Ashcombe. Kamfanin da na koma bayan na bar shagon abaya na Naif yana ɗaukar fim mai dogon zango, aka kawo ta daga Ingila ta fito a kakar jaruma. Ni ce mai kula da suturarta, har gashin kanti ni ke sa mata.

Ta haura saba'in. Ta ce da sharar dandamali ta fara a wani gidan wasa na bakin teku, sai talabijin, sai manyan finafinai, daga nan aka daina kiranta. Tallar shayi da maganin ciwon gaɓɓai kawai take samu. Wannan ne aikin kirki na farko tun rasuwar mijinta. Sai dai magana tana ɓace mata. Kullum da safe nake karanta mata abin da za ta faɗa tana maimaitawa, kuma babu wanda ya sani sai ni.

Ƙanwarki,
Wasila

*

Gwammaja, Kano

Zuwa ga ƙanwata Wasila,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, takardarki ta iso, Inna kuma ta fara takawa, alhamdu lillahi.

Labarinki ya faranta mini rai ƙwarai. Daga bakin matar nan na fara jin Turancin da nake koyarwa yau. Na faɗa wa Hajiya Mahfuza, ta ce lallai ki kai mata ita gidanta na Al Sabkha ta ci tuwo da mutanenmu, su ma duk da wasan suka tashi. Kada ki ce mini tana da aiki. Hajiya ce ta tsaya miki har kika samu biza, bai kamata ta roƙi abu ki hana ba. Kuma baƙo ya zo kusa da mu a bar shi da abincin otal, ba tarbiyyar gidanmu ba ce.

Allah ya tsare.
Yayarki, Ummi Kulsum

*

Wasila,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Hajiya ta turo mini bidiyon zuwanku gidanta! Wallahi na yi dariya har da hawaye, musamman inda Sista Dorrie ta ɗaga yatsa ta tsaya baki buɗe, gashin ya karkace. Ashe 'yar barkwanci ce haka? Na sa a guruf ɗin gida da na malamai, yanzu har a maƙwabta ana kwaikwayonta. Amma me ya sa ba kya ɗaukar waya?

Ummi Kulsum

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ban ɗauki waya ba don ban san da wace murya zan yi miki magana ba.

Ba barkwanci take yi ba, Yaya.

Ranar Lahadi da rana na kai ta gidan Hajiya. Ta yi murna kamar yarinya, har ta sa na ɗaura mata ɗankwali a kan gashin. Ta ci tuwo da miyar kuka da hannu, ta ce rabon da a gayyace ta gidan wani har ta manta. Ana gama ci Hajiya ta ce, "Yalla, Madam, yi mana Sista Dorrie!" Matan suka kama tafi. Ta kalle ni. Na san abin da kallon ke nufi, amma na tuna biza, na yi murmushi na ce, "Kaɗan kawai, Madam."

Ta miƙe, ta fara da kyau. Sai maganar ta tsinke. Ta tsaya da yatsa a sama tana neman kalma, ta juyo gare ni kamar yadda take yi da safe, ni kuwa ban san kalmomin tsohon wasan ba. Da ta kai hannu ta gyara ɗankwalin sai ya ja gashin. Ɗakin ya kece da dariya. Ita ma ta yi dariyar, ta rusuna kamar da gangan ta yi. A mota ne ta riƙe hannuna ta ce, "Wasila, ina ne nan?"

Bidiyon ya je Kano ya dawo. Wani mai haɗa fitilu a wurin aikinmu, ɗan Kaduna, ya gan shi a wayarsa ya nuna wa abokai, har ya kai ga darakta. Aka kira likita. Jiya aka ba ta sabon rubutu: an cire duk maganarta. A cikin fim ɗin yanzu kakar ta samu shanyewar jiki, zama kawai za ta yi a bakin taga.

Ni na kai mata takardun. Ta juya su shafi-shafi tana neman sunanta. Sannan ta ce, "To, khalas, shi ke nan, kin huta da karatun safe." Da ƙasa ta tsage da na shige.

Wasila

*

Zuwa ga Wasila,

Na yi sallama, amma ban san ko na cancanci a amsa ba.

Tun da na karanta takardarki abinci ya ƙi wuce mini. Na bi duk wanda na tura wa ina roƙon ya goge, wasu suka ce ai sun riga sun tura gaba. Ɗazu ina shiga aji na tarar da wata ɗaliba ta ɗaga yatsa tana kwaikwayo, 'yan aji na dariya. Ban tsawatar ba, don daga wayata abin ya fito. Na ce su yi karatu, na fita.

Ni na matsa miki, ni na yaɗa. Ki karanta wa Madam wannan da Turanci: mace ce a Kano da ta koyi harshenta daga bakinta, ta saka mata da haka, tana neman gafara. Kada ki gyara komai.

Yayarki mai jin kunyarki,
Ummi Kulsum

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na karanta mata, ban gyara ba.

Ta tambaya, "Sun kalla har ƙarshe?" Na ce e. Ta gyaɗa kai ta ce, "Ki ce mata ta ci gaba da koyarwa."

An gama ɗaukar nata ranar Alhamis. Ta zauna a bakin tagar ba ta ce uffan ba, har darakta ya manta bai ce a tsaya ba, na ga mai kyamara yana share ido.

Gobe za ta koma Ingila. Na ce zan raka ta filin jirgi. Ta shafa kumatuna ta ce na gode, amma ta riga ta roƙi kamfani ya ba ta wata mai rakiya.

Ki gaida Inna.

Wasila