Rabin Maganar da Aka Liƙe da Shinkafa

Tarumizu, 5 ga Afrilu, 1996

Zuwa ga ɗana Norifumi,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da matarka Mihoko. Yaya aiki? Yaya ciwon kafaɗar nan da ka ƙi kai wa likita? Ni lafiya lau nake, sai gwiwa, sai kuma dutsen nan mai aman wuta da ya kwana uku yana zubo mana toka, ko shanya babu dama.

Gaisuwa ta ƙare, yanzu ka gyara zama.

Jiya Alhamis da ƙarfe shida maƙwabciyata, matar Uwatoko, ta faɗo min gida ko takalmanta ba ta jera ba, wai in kunna talabijin sunan ɗana zai fito. Na kunna, na kuwa gan shi da manyan baƙaƙe, wai kai ne daraktan sabon shirin katun, "'Yan Aiken Gajimare". Na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba, har na dafa mata shayin da nake ajiye wa baƙi. Sai ga samari a cikin jirage masu kama da fara, ana yaƙi suna kai wasiƙu daga tsibiri zuwa tsibiri. Sai ga babbansu da tabo a haɓa, yana fito ta gefen baki. Aka kira shi Kiyo. Shayin nan sai da ya sarƙe ni.

Bara da ka zo bikin tunawa da magabata ka ce in ara maka wasiƙar ƙarshe ta yayana Kiyotsugu, karantawa kawai za ka yi. Ka zaunar da ni kana ta tambaya, yaya yake tafiya, yaya yake dariya, ni kuma sakarya na saki baki ina murna ɗana ya tuna yana da kawu. Ashe kasuwa za ka kai shi. Wannan ma da na haɗiye. Abin da ba zan haɗiye ba shi ne maganar da ka sa masa a baki. Yaron nan ya hau jirgi, ya sara wa shugabansa, ya buɗe murya ya ce, "Zan tafi!" Kiɗa ya tashi, matar Uwatoko har da tafi.

Norifumi, a gidan wa ka tashi? Ka taɓa fita ko shagon awara ban sa ka faɗi maganar duka ba? Mai fita cewa yake "zan tafi in dawo", na gida su amsa masa "a dawo lafiya". A shekarar ƙarshe ta yaƙin duniya na biyu ne samarin sansanin jirage suka koyi yanke ta gida biyu, suna faɗin rabin farko kawai, kowa kuwa ya san abin da rabin yake nufi, tafiyar da babu dawowa. Kawunka ɗan aike ne, jakar wasiƙu da takardun umarni yake ɗauka, ko bindiga babu a jirginsa. Ranar ziyara ta ƙarshe ni da kakarka muna bakin ƙofar sansani, ina da shekara tara, ya rusuna ya faɗi maganar cikakkiya a gaban wani hafsa. Hafsan ya ce ya maimaita. Ya maimaita. Hafsan ya kwaɗa masa mari har hularsa ta faɗi. Yaya Kiyo ya ɗauki hular ya kaɗe, ya ce, "Yallaɓai, ɗan aiken da bai dawo ba ai bai gama aike ba."

Wanda ya sha mari saboda magana, shi ka zo ka yanke wa ita bayan shekara hamsin, har da kiɗa. Ka gyara, ka kuma dawo min da wasiƙata. Na aiko da busasshen dankali, na Mihoko ne, kai ba ka ci ba.

Ka huta lafiya.
Mahaifiyarka,
Hisano Kamizono

Tarumizu, 3 ga Yuni, 1996

Norifumi,

Ina gaishe ka, ina gaida Mihoko, da fatan damina ta same ku lafiya. Mu nan ruwa ya sauka, tokar ta zama taɓo. Gwiwa tana nan yadda ka san ta.

Wasiƙarka ta iso bayan mako bakwai, na gode da aka samu sararin tunawa da tsohuwa. Na karanta ta sau uku, kowane karo raina sai ya ƙara ɓaci. Ka ce ƙasar da ke cikin shirin ƙirƙirarriya ce, ba tamu ba. To tabon haɓar fa, a wace ƙasa ka samo shi? Ka ce masu kamfanin kayan wasa da ke ɗaukar nauyin shirin suna son maganar gajera, don ta fi daɗin bugawa a jikin kwali. Na ga kwalin a kanti. Na kuma ga yaran unguwa suna tsalle daga katangar bakin teku suna ihun "zan tafi", iyayensu mata na dariya. Na tsawatar musu, yanzu an sa min suna tsohuwa mai faɗa. Wannan kyautarka ce.

Amma inda ka soke ni shi ne ƙarshen wasiƙar. Ka rubuta cewa, "Mama, shekararki tara a lokacin, tunani yakan yi wa mutum ƙari. Ga rubutun Kawu da hannunsa, zan tafi kawai ya ce." Wato ni ce maƙaryaciya, takarda ce mai gaskiya. Ni da na ji ƙarar marin da kunnena.

Mihoko ta kira ni a waya, ta ce kada in gaya maka ita ta faɗa min, to ga shi na gaya maka. Ta ce a kashi na ƙarshe Kiyo zai jefar da jakar wasiƙu cikin teku ya kifa jirginsa a kan jirgin ruwan abokan gaba, kuma an riga an fara zanen wutar. Takardar da hukuma ta aiko mana ma haka ta ce, wai ya mutu mutuwar jarumai. Kakanka ya sa ta a gilashi ya rataye, ya riƙa nuna wa baƙi. Gaskiyar kuwa babu wanda ya san ta. Ya tashi da jakarsa ya nufi kudu, ba a sake ganinsa ba, shi ke nan. Sun kashe shi sau ɗaya a takarda, kai za ka sake kashe shi da fenti, yaran ƙasar nan duka suna kallo.

Tunda takarda kake yarda da ita, bari in ba ka takarda. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, ko mahaifinka ya mutu bai sani ba, na kuma so ka yarda da ni ba sai na kai ga faɗa ba. Wasiƙar da kake taƙama da ita ba maganarsa ba ce. A allo aka rubuta musu, suka kwafa, hafsa ya duba ya buga hatimi aka rufe. Sai dai sun manta wa zai ɗauki jakar zuwa gidan waya. Ɗauko ambulan ɗin, in ba ka yar ba. Juya shi, dubi gindinsa. Za ka ga wurin ya ɗan kumbura, ba gam ba ne, ƙwayar dafaffiyar shinkafa ce aka murtsuke, yadda yake liƙe mana takardar da ta yage tun muna yara. Kakarka tana gani ta gane hannun ɗanta. Ta kara shi a tururin buta, ta buɗe, ta karanta rabin maganar da ya ɓoye a ciki, ta sake liƙewa da shinkafarta, ta ce in na faɗa wa Baba za a ce ɗanta matsoraci ne. Kai ma ka kara a tururi. A hankali, kada ka yaga. Kai da kake zana hoto goma sha biyu don ƙiftawar ido ɗaya, ka kasa duba gindin ambulan.

Saboda abin da ke ciki, shekara talatin da ɗaya kakarka tana zuba masa shinkafa da miya a ɗan farantinsa kowace safiya, irin yadda ake yi wa wanda ya yi tafiya, ba yadda ake yi wa mamaci ba. Ta hana a sa sunansa a wurin magabata. Ni nake wanke farantin. Na tsani farantin nan, akwai ranakun da na tsani Yaya Kiyo kansa don ya yi alkawarin da ya ɗaure mana uwa a bakin ƙofa. Amma ni nake da ikon jin haushinsa, ni na biya. Kai ba ka wanke komai ba.

In ka kifa jirgin nan, kada ka zo bikin magabata bana. Ba barazana nake yi ba, na gaya wa ƙanwarka ta shirya maka uzuri.

Ka gaida Mihoko, kada ka yi mata faɗa.
Mahaifiyarka,
Hisano

Tarumizu, 27 ga Satumba, 1996

Ɗana Norifumi,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kana kuma cin abinci. Mihoko ta ce ka rame, ka yi makonni kana kwana a ƙarƙashin teburin aiki. Guguwar makon jiya ta ɗauke mana rufin rumfa, ban da wannan babu abin da ya faru.

Wata huɗu babu wasiƙa, babu waya. Bikin magabata ya zo ya wuce ba ka zo ba, na ce to, ya zaɓa. Na daina kallon shirinka tun watan Yuli. Jiya ma, ranar kashi na ƙarshe, ba don matar Uwatoko ta zo ta zauna min a tabarma ta ƙi tashi ba, da ban kunna ba. Na kunna ne don in ga iyakar rashin kunyarka da idona.

Na ga yaron ya ɗauki jaka, ya sara, bakinsa ya motsa, "Zan tafi." Na miƙa hannu zan kashe. Sai ya juya baya yana hawa jirgi, ba a ganin fuskarsa, sai ƙeya da hula, muryar ta ƙarasa a hankali, "in dawo." Hannuna ya tsaya a kan maɓallin.

Mihoko ta yi min bayani da safen nan. Ta ce an riga an zana bakin daidai da gajerar magana, babu lokacin sake zane, shi ya sa ka jira sai da ya juya baya ka sa mai muryar ta ƙara sauran. Ta ce zanen wutar da mutane goma suka yi wata guda suna fentawa ka cire shi gaba ɗaya, babu abin da za ka cike gurbin da shi, sai ka bar hoton sama kawai. Na gani. Jirgi ya shiga gajimare da jakarsa, sai sama fayau, babu kiɗa, babu komai, har daƙiƙa arba'in. Matar Uwatoko ta tashi ta bubbuga talabijin wai ta lalace. An ce mutane sun yi ta kiran tashar suna zagi, masu kayan wasa sun janye, an kuma karɓe aikin baɗi daga hannunka. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Daƙiƙa arba'in ta gagare su kallo, mu wannan saman muka kalla shekara talatin da ɗaya.

Kada ka ɗauka na huce. Kunnuwansa ba haka suke ba, ka mayar da shi kyakkyawa, shi kuwa kunnuwansa kamar marfin tukunya. Kuma har gobe ba ka ce min yi haƙuri ba kan kiran da ka yi min mai ƙarin tunani. Ina jira.

Akwai abin da na tsallake a wasiƙata ta farko. Ranar nan a bakin ƙofar sansani, bayan ya kaɗe hularsa, ya sake juyowa gare mu ya faɗi maganar karo na uku, kuncinsa ja wur, yana jiran amsa. Hafsan yana tsaye. Kakarka ta sunkuyar da kai. Ni na ɓuya a bayan zaninta. Babu wanda ya amsa masa, Norifumi. Ya ɗan jira, ya yi fitonsa ta gefen baki, ya shige. Ba mu taɓa yin zancen nan ni da ita ba har ta rasu.

Jiya da yaron nan ya ƙarasa maganar, ban san lokacin da na durƙusa a gaban akwatin talabijin ba, da wannan gwiwar, na ce, "A dawo lafiya, Yaya." Matar Uwatoko ta zaci na taɓu. Ta je ta faɗa wa duk wanda ta ga dama.

Yanzu maganar ambulan. Kada ka kuskura ka sa shi a gidan waya. An ɓatar min da jakar wasiƙu sau ɗaya, ya isa. Ka kawo shi da hannunka, tunda yanzu ba ka da aikin da zai hana ka. Zan dafa shinkafa mu liƙe shi yadda yake. Idan za ka fito daga gida, ka tsaya a bakin ƙofa ka faɗa wa Mihoko maganar duka, kada ka yanke, kuma kada ka ɗaga ƙafa sai ka ji ta amsa.

Ka huta lafiya.
Mahaifiyarka da har yanzu take fushi da kai,
Hisano Kamizono