Azumin da ba na yi

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a tsine mini.

Ni manomin albasa ne a wani ƙauye kusa da Aliero. A shekarar da aka ba mu jihar Kebbi wani abu ya fito mini a gwiwar hannu, fata ta yi kauri tana ɓare-ɓare fari kamar bawon albasa, sai ƙaiƙayi. Daga nan ya hau gwiwoyin ƙafa da tsakar kai, farce ma ya fara ramuka. Na saci jiki na je asibiti a Sakkwato, likita ya ce soriyasis ne, ba kuturta ba ce, ba a ɗauka, amma ba ya barin mutum, sai dai ya lafa da man shafawa ya dawo. To wa zai yarda? A gabana yayana ya ƙi ba wani mai irin wannan fata hannu a kasuwar Jega, muna wucewa ya ce mini, “Wanga ko kwano guda ba ni ci da shi.”

Mu kuwa kwano guda muke ci a ƙofar gida, kowa ya naɗe hannun riga. Ran nan aka ajiye tuwo a gona, sai na ji bakina ya ce azumi nake. Da fari Litinin da Alhamis ne, yanzu kusan kullum. Da magariba in zauna masallaci har lisha don kada a kira ni buɗa-baki, alwala kuma a ɗaki nake yin ta. Matata ta rasu kafin abin ya fito, na ƙi sake aure, mutane suka ce gudun duniya ne. Gudun duniya ina! Fura nake sha a ɓoye bayan rumbun albasa, ina jiyo dariyarsu, wani lokaci da hawaye nake haɗiye ta. Yau har jarirai ake kawo mini in tofa musu addu'a. Akwai abin kunyar da ya wuce mutum ya yi ƙarya da ibada? Wallahi kaɗaici ya ishe ni, girmamawar nan ma ƙara nesanta ni da mutane take yi.

Yanzu limaminmu ya tsufa, ƙafa ta ƙi. Ya sa aka kira ni, ya riƙe hannuna ya ce, “Ɗana, mun yi shawara da dattawa, kai munka zaɓa ka ja muna salla.” Na ce, “Baba, ban kai ba, akwai waɗanda suka fi ni karatu.” Ya ce, “Karatu munka aje gefe, tsoron Allah muka biɗa. In an ƙare cirar albasa ka taho ka yi alwala gaban dattawa in gani, yadda malamina yay yi min, sannan ka shiga gaba.”

Albasa ta kusa fita. In na ƙi, sai na faɗi dalili. In na je, a gaban yayana da tsohon da ya yarda da ni zan naɗe hannun riga har gwiwa, su ga fatar, su gane azumin.

Jama'a, me zan yi?