Ranar da Suka Taka Ruwa da Ƙafa

Ƙauyen Solgae, 3 ga Mayu

Zuwa ga ƙanwata Mal-sun,

Gaisuwa mai yawa. Ya gwiwar taki? Ni tawa lafiya lau, don ba zaman kujera nake yi ba irin naku na Seoul.

Hukumar gunduma ta ba wani kamfani izini ya cike taɓon bakin tekunmu ya gina otal. Taɓon da Inna ta ciyar da mu da kaguwarsa fa, wanda ruwan teku ke rufewa ya janye kullum, ni ma har yau shi ne gonata. Mun kai ƙara. Lauyarmu, wata Malama Pyo, ta ce sai mun sami ƙarya a rahoton binciken muhallin da suka yi, in ba haka ba izinin ya zauna. Rahoton ya ce wai sun duba ba su ga komai mai rai ba. Na kwana biyu abinci ba ya shiga.

Ga shi nan na aiko miki, shafi ɗari huɗu. Ke aka kai makaranta, yau ranar amfaninki ce.

Yayarki,
Bok-rye

Seoul, 11 ga Mayu

Yaya,

Ina gaida ki da girmamawa, duk da gorin kujera. Na karanta tas, har ido ya yi ja.

Duba shafi na 212. Sun ce sun yi awa uku suna zaga taɓon a ƙafa, da tsakar rana, 27 ga Afrilun bara. Na duba kalanda, takwas ga watan uku ke nan a lissafin wata, ranar tunawa da Inna. Ina gidanki ranar. Kin tuna mitar da kika yi mini? "Matar nan ko mutuwa ba ta zaɓi ranar kirki ba, ruwa har gindin katanga, ina zan samo mata kaguwa?" Da busasshen kifi muka shirya mata teburin abincin tunawa.

Yaya, a kan me suka yi tafiyar?

Ki huta lafiya,
Mal-sun

Solgae, 20 ga Satumba

Mal-sun, 'yar albarka,

Bayan gaisuwa, mun ci!

Da kin ga yayarki a kotu. Lauyan kamfani, wani mai gashi kamar an lashe, ya ce, "Iya, shekarunki saba'in da ɗaya. Ta yaya za ki tuna ruwan bara?"

Na ce, "Ɗana, kai kana tuna ranar da uwarka ta rasu?" Ya ce e. Na ce, "To ni ma. Kuma takwas ga wata da tsakar rana, tun kafin a haifi kakanka ruwa ke rufe wurin nan. In yaranka sun zaga a ƙafa, a kawo su mu durƙusa musu."

Alƙali ya rufe baki da takarda, amma kafaɗunsa sun tona shi. Aka kawo jadawalin gwamnati na cikowa da janyewar ruwan teku, ya faɗi abin da na faɗa. Ashe a mota masu binciken suka zauna suka cike takardun. An soke izinin, sai an sake bincike na shekara cur, kuma a gaban idonmu.

A motar dawowa matan ƙauye suka yi ta waƙa, ni kuwa kuka ne ya ƙwace mini, na daɗi. Na aiko miki da kaguwa jiƙaƙƙiya a miya, kada ki raba wa maƙwabta.

Taki,
Bok-rye

Solgae, 9 ga Oktoba

Mal-sun,

Gaisuwa. Sababbin masu binciken sun zo, ni na zaɓa musu rana. Ɗaya ta nutse a taɓo har cinya, sai da na ciro ta. Kafin ruwa ya dawo sun rubuta halitta iri sittin da uku.

Da za su rufe littafin na ce saura ɗaya. Shugabarsu ta ce, "Wacce, Iya?"

Na ce ta rubuta: tsohuwa guda, mai rai, tana nan. Ta kuwa rubuta.

Sai kin zo,
Bok-rye