Ramin Fulogin Baba

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da ɓarayin alewar nan jikokina.

Ga silindar injin yankan itacena nan na ba direba, a naɗe cikin tsumma. Ina tsakiyar datse wani reshe fulogi ya yi tsalle ya fita, na duba na ga zaren ramin da ake murɗa shi a ciki ya cinye tas. Kin san halin kayan hannu, wanda ya sayar min ya riga ya shanye romon. Na san a shagonku kuna faɗaɗa ramin ku ɗaura bushin mai zare ciki da waje. Ki yi min da hannunki, kada ki ba maigidanki, hannunsa nauyi gare shi.

Ban da kiran waya. Injin nan ya gama da kunnuwana, sai dai in yi ta cewa na'am. Ki ba direba amsa.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Kowa lafiya, yara suna ta tambayarka.

Saƙo ya iso, na kuma haska ramin da tocila. Baba, ba tsufa ne ya cinye zaren nan ba. A karkace aka sa fulogin, aka bi shi da sifana da ƙarfin tsiya, kuma ba sau ɗaya ba. Kai ne fa ka koya min cewa yatsu ke farawa, sifana ta ƙarasa. Har ƙwace sifana ka taɓa yi daga hannuna a kan haka.

Na daɗe ina kallon rubutunka yana gangarowa daga layi, ina yin shiru. Yatsun da ba su ji fulogi ya karkace ba, ta yaya za su riƙe injin ranar da sarƙa ta ciji itace ta yi baya? Tsoro nake ji. Kai kaɗai ne a gidan nan, in ka faɗi ba mai sani.

Ka yi haƙuri, ba zan gyara ba. Na share ɗakin da ke kusa da namu, na sa sabuwar katifa. Ka taho.

Taka,
Uwarka

*

Uwata,

Na gaishe ku. Na karanta, na ninke takardar na sa a ƙarƙashin matashi, na sake ciro ta. Silinda na aiko miki, ban aiko miki da yatsuna ba.

Amma tunda kin zama likita, bari in gaya miki abin da tocilarki ba ta hasko ba. Tun da injin nan ya tsaya, ba wanda ya yi min sallama. Da can mai gidan burodi kan leƙo a kan itacen tanda, kafintan layinmu ya zo rage katako, wani ya zo don reshe ya kwanta masa a kan rufi. Sai su zauna, in ɗora shayi, a taɓa hira. Yanzu benci yana nan a ƙofa, ƙura kawai yake sha. Na san injin suke nema, ba ni ba. To, ai ni ke riƙe da shi.

Har yanzu kofi biyu nake wankewa da safe, sai na ajiye na mahaifiyarki nake tunawa, Allah ya jiƙanta. Gidan nan ya yi shiru, shirun da ko kurma yana jinsa.

A gidanki me zan zama? Kujerar da ake ɗagawa in za a yi shara. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

In ba za ki gyara ba, ki maido min kayana. Mai gyaran babur ya ce zai liƙe min fulogin da gam.

Babanki

*

Baba,

Ina gaisuwa. Gam? Fulogin da zai tashi ya same ka a fuska? Ka san inda za ka taɓa ni, ka kuwa taɓa.

Na gyara. Na shafa giris a jikin abin yanka zare don ya kwashe ɓarɓashi, na bi ramin a hankali, juyi kaɗan gaba, kaɗan baya, yadda ka koya min. Bushin ya zauna daram, ya ma fi zaren asali ƙarfi. Maigidana ya ce aiki ya yi kyau, ni kuwa ban ji daɗin aikin hannuna ba. Ji nake kamar na wasa wuƙa na miƙa maka ta wajen kaifin.

Na ɗaura sabon fulogi da yatsuna, na ɗiga jan fenti a gindinsa. In ka taɓa shi zan sani. Direba ya yi alkawarin shi zai mayar da silindar a jikin injin.

Ɗakin yana nan, ban naɗe katifar ba.

Taka,
Uwarka

*

Uwata,

Gaisuwa. Direba ya haɗa, ina tsaye a kansa ina faɗa. Ja ɗaya injin ya tashi.

Ban yanka komai ba. A tsakar gida na ajiye shi yana ta ruri, har kafinta ya leƙo ya yi sallama. Yana da katako, sai na miƙa masa injin, ni na nuna masa inda zai bi. Mun sha shayi.

Fentinki yana nan yadda kika ɗiga shi. Sai dai man da ake sayarwa yanzu ba shi da kyau, fulogi ba zai daɗe ba zai nemi wanki, kin kuwa hana ni taɓawa. Ki taho da sifanarki, da yaran. Na share ɗakin mahaifiyarki.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki