Danna Ɗaya Idan Ka Sha

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kuma teku ba ta cika jijjiga ku ba. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Na san wasiƙar nan ba za ta same ka ba sai jirginku ya kusa gaɓa, don haka ka karanta a tsanake, tunda a waya kana cewa ba na barin ka ka sa baki.

Albishirinka, an amince da batun aikina na kammala digiri na biyu. Malamar da ke duba ni, wadda muke kira Jan Biro saboda ba ta mayar maka da takarda sai ta yi mata jina-jina, ta watsar da batutuwana har na daina ƙirgawa, sai a wannan ta ɗago kai ta dube ni. Manhaja nake gina wa wani ƙaramin asibiti na masu hawan jini da ciwon suga. Kowace safiya za ta tura wa mara lafiya saƙo cewa lokacin magani ya yi, ya danna ɗaya idan ya sha. In ya yi shiru har hantsi, sai ta sanar da ɗan'uwan da ya ba da lambarsa, shi kuma ya bi sawu.

Bangon ɗakina yanzu duk takardun tsari ne, na manna su har saman madubi. A rumbun bayanan manhajar, inda ake adana sunayensu, na ba kowane mara lafiya matsayi uku: yana shan magani, an sallame shi, ko ya koma wani asibiti. Jan Biro ta tambaye ni in mutum ya rasu fa. Na ce mata lokaci ba zai isa ba, na tura shi shafin da muke kira iyakar aiki, inda kowane ɗalibi ke jibge abin da yake ƙyuyar yi. Ta zagaye wurin da bironta.

Kafin asibitin su fara, sai na gwada da na gida. Baba ne mara lafiya na ɗaya, ni ce 'yar'uwar da ake sanarwa. Yaya, mutumin nan zai sa ni yin furfura. Ya ce tun ba a haifi kwamfuta ba yake shan magani. Wata rana ya danna, wata rana ya share, sai kawai in ji wayata ta yi ƙara ina tsakiyar aji: mahaifinki bai sha magani ba. In fito in kira shi ina faɗa, shi kuwa ya ce Injiniya ta fara, sunan da yake kirana ke nan, ya ɗauko mini labarin maƙwabta da na tsohuwar motarsa, Umma na dariya a gefe. Kafin in ankara an tashi daga aji.

Ka kula da kanka, ka riƙa cin abinci.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka ta'aziyya kamar yadda kai ma za ka yi mini. Yaya ƙarin haƙuri? Na san an isar maka da labarin ta ofishinku, amma na san kuma za ka so ka ji daga bakin na gida.

Bai wahala ba. Da rana ne, yana zaune a kujerarsa ta bakin taga, ya ce wa Umma kansa ya yi nauyi, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ni ina ɗakin karatu ina gyara babi na uku. Da safiyar ranar ya danna ɗaya, shi ya sa ban kira shi ba. Wannan abu yana ci mini rai, ba zan ɓoye maka ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Kada ka zargi kanka don ba ka nan. Gida ya cika da mutane, yanzu sun watse, sai Umma da Gwaggo da ta zo ta zauna da ita. Na ce zan ajiye karatun zuwa baɗi, Umma ta haɗa mini jaka da hannunta, ta ce mutumin da ya cika unguwa da cewa 'yarsa Injiniya ce ba zai so a mayar da shi maƙaryaci ba. Na dawo makaranta, amma ko kunna kwamfutar ban iya ba. Manhajar tana can tana aikinta a asibiti, babbar nas ta ce mutane suna amsawa. Ni dai na kasa leƙawa.

Ka yi mana addu'a.

Taka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, na samu amsarka, na karanta har ta kusa yagewa. Umma tana gaishe ka, ta ce ka daina tura hoton da ke nuna ka rame.

Akwai abin da ya faru, kuma kai kaɗai zan iya faɗa wa. Jan Biro ta kira ni ofishinta, ta yi mini gaisuwa, ta ce ranar kare aiki a gaban malamai ba za ta matsa ba, in ban kawo babin sakamako ba sai wata shekara. Na koma ɗaki na buɗe rumbun bayanai don in fitar da zanen da ke nuna yadda kowa yake amsawa. A saman shafi sai ga mara lafiya na ɗaya. Layinsa da na sani duk giɓi ne, yau akwai gobe babu. Amma tun daga washegarin rasuwarsa layin ya miƙe sak, ko safiya ɗaya bai tsallake ba. A cikin mutanen asibitin kaf, babu wanda ya kai Baba shan magani.

Da farko na ɗauka kuskuren manhaja ne, na bi ta layi-layi ban ga komai ba. Sai na tuna manhajata ba ta san mutuwa ba, ni ce ban koya mata ba. Tana nan kullum tana gaishe shi tana tuna masa magani, kuma akwai mai amsa mata.

Na hau mota na tafi gida ba tare da na sanar ba. Na tarar da wayarsa a kan teburin gefen gado, a jone da caji, kusa da tabaransa. Da na tambayi Umma ba ta yi musu ba. Ta ce da safiyar farko wayar ta yi ƙara a cikin aljihun rigarsa, ta ciro ta karanta, sai ta tuna cewa in aka yi shiru ni za a tura wa cewa mahaifina bai sha magani ba. Ta ce ba ta san yadda ake kashe abin ba, ta ji nauyin tambayata, amma ta san yadda ake danna ɗaya. Kullum sai ta tabbata wayar da caji, ko wanka za ta shiga sai ta jira saƙon ya zo tukuna.

Yaya, ni na ƙera abin da yake tayar mata da ciwo kowace safiya, ita kuma ta tsaya tsakanina da shi don in gama karatu. Na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. Ita ce ma take lallashina, tana cewa ai aikin yana da kyau, bai taɓa makara ba.

Sai na sake rubutowa.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Na ji an ce kun kusa dawowa, Allah ya kawo ku lafiya.

Na kare aikin, kuma na ci. Kafin nan na ciro maganar rasuwa daga shafin iyakar aiki na ƙara matsayi na huɗu: ya rasu. In nas ta zaɓe shi, saƙonni suna tsayawa nan take, ba a goge sunan mutum, ba a kuma sake tura wa iyalinsa komai. Na kai kwamfutar gida na ajiye a gaban Umma, don na ga ita ta fi cancanta. Ta goge hannunta da gefen zane, ta sa tabaran Baba ta karanta, ta danna sabon matsayin a gaban sunansa da kanta, sannan ta cire wayarsa daga caji ta sa a aljihun tebur. Can sai Gwaggo ta leƙo tana tambaya ko an yi baƙi ne.

Ranar karewa malaman sun tambayi abin da ya sa na canza tsari a ƙurarren lokaci. Na gaya musu gaskiya a taƙaice. Jan Biro ta rufe bironta ta sa a jaka, abin da 'yan ajinmu suka ce ba su taɓa gani ba.

Ka san ita ma Umma jininta yana hawa. Na shigar da ita, na sa lambata a matsayin wadda za a sanar. Da farko tana amsawa ba fashi. Jiya da hantsi ina tattara takardun bango sai wayata ta yi ƙara: mahaifiyarki ba ta sha magani ba. Nan take na kira ta. Ta ɗauka a natse, ta ce tun da sassafe ta sha, dannawar ce ba ta yi ba. Na fara faɗa, ta bar ni na gama, sannan ta ce haka Baba yake yi. Ita ke miƙa masa maganin da ruwa, bai taɓa tsallake ko rana ɗaya ba. In ya kwana biyu bai ji muryata ba ne yake kife wayar a kan cinya, ya ce bari Injiniya ta kira.

Na zauna a bakin gado, ban san lokacin da na daina faɗan ba. Mun yi hira har wayata ta yi zafi, ta ba ni labarin maƙwabta kaf.

In ka sauka, kada ka jira wani saƙo, ka kira ta.

Ƙanwarka mai kewarka,
Auta